Sharhi a Kan Manhajar Signal: Amanar da Take Riƙewa da Inda Kariyarta Ta Tsaya

Signal manhaja ce ta aika saƙo da yin kira ta intanet, kyauta ake sauke ta a wayar Android da iPhone da kuma kwamfuta, kuma duk wanda ya iya WhatsApp ba ya buƙatar a zaunar da shi a koya masa ita. Akwai saƙon rubutu da na murya, akwai tura hoto da bidiyo da takardu, akwai kiran murya da na bidiyo, sannan zaurenta yana ɗaukar mutum har 1,000. Na daɗe ina riƙe da ita a waya ɗaya da WhatsApp, kuma ra'ayina a kanta tun kafin in shiga bayani shi ne, a cikin manhajojin hira da talaka zai iya saukewa a yau babu wadda ta kai ta riƙon amanar magana. Sai dai amanar da take riƙewa tana da iyaka, kuma mutane da dama, har da manyan jami'an gwamnatin Amurka, sun kwashi kunya a idon duniya saboda ba su san inda iyakar take ba.

A harkar tsaron bayanai tambayar farko ita ce wane ne mai abin, kuma ta ina yake samun kuɗinsa. Wani masanin dabarun ɓoye saƙo ɗan Amurka da aka fi sani da Moxie Marlinspike ne ya fara aikin, da manhajoji biyu da suka fito a 2010, TextSecure ta saƙon rubutu da RedPhone ta kira, waɗanda daga baya aka haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya. Signal ta fito a iPhone a 2014, a Android kuma a 2015. A 2018 Brian Acton, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa WhatsApp, wanda ya bar Facebook a 2017 shekara uku bayan kamfanin ya saye WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19, ya zuba dala miliyan 50 aka kafa gidauniyar Signal, wadda ba ta neman riba. Tun daga watan Satumba na 2022 Meredith Whittaker ce shugabar Signal, kuma ita tsohuwar ma'aikaciyar Google ce da ta yi suna wajen sukar yadda manyan kamfanonin fasaha suke mayar da bayanan jama'a haja. Babu talla a cikin manhajar, babu masu hannun jari da ke jiran riba a ƙarshen shekara, kuma an buɗe rubutun da aka gina ta da shi ga duk masanin da yake son ya bincika ya gano aibi. Wannan ya bambanta da kamfanin da zai ce a yarda da shi kawai, domin a nan ana iya dubawa a tabbatar.

Abin da aka fi sanin ta da shi shi ne kulle saƙo tun daga wayar mai aikawa, ta yadda ba ya buɗuwa sai a wayar wanda aka aika wa, kuma babu wani a tsakani, ko kamfanin layi ko ita kanta Signal, da yake riƙe da mabuɗin. Tsarin ya yi ƙarfin da WhatsApp ma ta ɗauke shi, ta kammala shigar da shi ga dukkan masu amfani da ita a watan Afrilu na 2016. Saboda haka mai karatu yana da haƙƙin ya tambaya: tunda kwaɗon iri ɗaya ne, me zai sa in ƙara wa wayata nauyi?

Amsar tana cikin bayanan da suke kewaye da saƙon, waɗanda mafi yawan mutane ba sa tunawa da su. Wanda ya taɓa kai saƙo tashar mota ya san direba ba ya buɗe ƙunshin da aka ba shi, amma ya san wanda ya kawo, ya san wanda ya zo ya karɓa, ya san garin da aka kai da ranar da aka kai, kuma idan abin ya zama na kullum ya san akwai wata hulɗa mai ƙarfi tsakanin mutanen biyu. Wanda ya samu waɗannan bayanai a kan ɗan jarida zai iya gane majiyarsa ba tare da ya karanta kalma ɗaya ba, wanda ya same su a kan mace zai iya gane tana yawan kiran likita ko lauya, wanda ya same su a kan ɗan kasuwa zai san da wa yake shirin ƙulla ciniki. WhatsApp tana kulle abin da ke cikin saƙo, amma ƙa'idojinta da kanta ta wallafa sun nuna tana tattara bayanai masu yawa game da na'ura da yadda ake amfani da manhajar, kuma tana raba wasu da sauran kamfanonin Meta, wato kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp. A kan irin wannan ne hukumar kare masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci tarar Meta da WhatsApp dala miliyan 220 a watan Yuli na 2024, kuma kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025.

Signal kuwa an gina ta ne a kan kada ta san abin da za a iya tilasta mata ta faɗa. A 2016 wata kotun tarayya da ke jihar Virginia ta aika mata sammacin neman bayanan wasu lambobi, kuma da aka ba da izinin wallafa takardun sai aka ga abin da ta iya miƙawa abu biyu ne kacal: lokacin da aka buɗe asusun, da lokaci na ƙarshe da ya haɗu da na'urorinta. Babu jerin abokan hulɗa, babu sunayen zauruka, babu wanda aka kira. An sake aiko mata da irin wannan buƙata daga California a 2021, amsar ba ta canza ba. A 2018 ta ƙara wata dabara da ke ɓoye mai aika saƙo hatta ga na'urorinta da suke isar da shi. A wurina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace manhajar hira da shi, domin alkawarin kamfani yana canzawa idan aka sayar da shi ko shugabanni suka sauya ko gwamnati ta matsa masa lamba, amma bayanin da ba a taɓa ajiyewa ba babu ma'aikacin da zai sayar da shi a ɓoye, babu mai kutsen da zai sace shi, babu kuma kotun da za ta iya ƙwato shi.

Ta fuskar amfanin yau da kullum, manhajar ba ta da hayaniya. Saƙon murya, wanda shi ne abin da iyayenmu da waɗanda ba su yi zurfi a boko ba suka fi dogara da shi, yana tafiya daidai, kiran murya yana da tsabta idan sabis yana da ƙarfi, kuma ana iya rage ingancin hoto da hana bidiyo sauka da kansa domin tattalin data. Abin da na fi amfana da shi shi ne saƙo mai gogewa da kansa, inda mutum zai zaɓi wa'adi daga daƙiƙoƙi zuwa makonni, kuma zai iya mayar da shi ƙa'idar duk wata sabuwar hira. Babbar matsalarta ba ta fasaha ba ce: mutane ba sa cikinta. Zauren dangi, na masallaci, na 'yan kasuwa, na tsofaffin ɗalibai, duka suna WhatsApp, kuma wanda ya sauke Signal sau da yawa yakan tarar da mutum kaɗan ne daga cikin lambobin wayarsa suke amfani da ita. An yi tururuwar shiga a watan Janairu na 2021 lokacin da WhatsApp ta sanar da sauya ƙa'idojinta, har na'urorin Signal suka kasa ɗaukar nauyin na wani lokaci, amma da ƙura ta lafa da yawa sun koma inda jama'arsu take. Ban ga laifinsu ba, kuma shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya goge WhatsApp. Abin da nake cewa shi ne a ware maganar da take amana a mayar da ita can.

Akwai wani rauni da ya fi shafar mu, wato rajista da lambar waya. Har yanzu ba a buɗe asusun Signal sai da lamba, kuma a Najeriya tun da aka fara tilasta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a watan Disamba na 2020, lambar waya ta zama tamkar cikakken sunan mutum da hotonsa da zanen yatsunsa. A farkon 2024 Signal ta rage wannan matsala, ta ba da damar a zaɓi suna na musamman da za a ba baƙo a maimakon lamba, ta kuma ɓoye lambar ga waɗanda ba su riga sun adana ta ba. Wannan gyara ne mai amfani ƙwarai ga 'yar kasuwar da ba ta son kowane mai ciniki ya riƙe lambarta, da ɗan jaridar da yake son mai tsegumi ya same shi ba tare da ya baza lambarsa a fili ba. Amma duk da haka tushen asusun yana kan layin, kuma layi abu ne da ake sacewa, ake sauyawa ta hanyar damfara, ake kuma sake sayar wa wani idan ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. A watan Agusta na 2022 an yi kutse a kamfanin Twilio, wanda Signal take amfani da shi wajen aika lambobin tabbatar da rajista, abin ya shafi masu amfani kimanin 1,900, kuma an samu asusu aƙalla ɗaya da maharan suka sake yi wa rajista a wata na'ura. Ba su ga tsofaffin saƙonni ba, domin ba a ajiye su a ko'ina sai a wayar mai su, amma sun samu damar yin magana da sunan wani. Maganin wannan yana cikin manhajar, wato lambar sirri ta PIN da kuma kulle rajista, wanda yake hana a sake yi wa lamba rajista ba tare da PIN ɗin ba, sai dai kullen ba ya zuwa a kunne, dole mutum ya shiga saituna ya kunna da hannunsa, kuma yana ƙarewa idan aka yi kwana 7 ba a yi amfani da asusun ba. Ina ganin kuskure ne a bar kariya mai muhimmanci irin wannan ga wanda ya san da ita kaɗai, musamman a ƙasashen da 'yan damfara suka ƙware wajen kiran mutum su ce ya karanto musu lambobi shida da suka shigo wayarsa.

Wannan ya kawo mu ga iyakar da na ambata a farko. A watan Maris na 2025 mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaron ƙasa a lokacin, Mike Waltz, ya buɗe wani zaure a Signal domin tattauna harin da za a kai wa 'yan Huthi a Yaman, kuma cikin kuskure aka saka Jeffrey Goldberg, babban editan mujallar The Atlantic, a ciki. Sakataren tsaro Pete Hegseth ya rubuta lokutan tashin jirage da na kai hari kafin a kai shi a ranar 15 ga watan, ɗan jaridar yana zaune yana karantawa, kuma ya wallafa labarin a ranar 24. Mutane da yawa sun ɗauka an fasa Signal ne, alhali manhajar ta yi aikinta daidai, ta isar da saƙon a kulle ga duk wanda aka ce ta isar wa. Bayan 'yan makonni kuma aka gano Waltz yana amfani da wata kwaikwayon Signal ta kamfanin TeleMessage, wadda take ajiye kwafin saƙonni, kuma a farkon watan Mayu masu kutse suka shiga na'urorin wannan kamfani. Darasin da ke nan ya shafi duk mai sauke manhajojin WhatsApp na jabu da ake yaɗawa a wajen shagon Google saboda wasu ƙarin abubuwa: kamannin fuska ba ya nufin kariya iri ɗaya.

Haka kuma a watan Fabrairu na 2025 masu binciken tsaro na Google suka bayyana yadda wasu ƙungiyoyin kutse masu alaƙa da Rasha suke yaudarar sojojin Yukren da hoton QR na bogi, wanda ake nuna shi kamar gayyatar shiga zaure, alhali idan aka ɗauke shi da waya yana haɗa asusun mutum ne da kwamfutar maharin, daga nan duk saƙon da ya shigo sai ya sauka a wurare biyu. Signal ta ƙara gargaɗi da matakan tabbatarwa bayan wannan rahoto, amma wajibi ne mai amfani ya riƙa leƙa jerin na'urorin da aka haɗa da asusunsa, ya cire duk wadda bai sani ba. Sama da wannan akwai manhajojin leƙen asiri da ake sayar wa gwamnatoci, irin su Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda aka kai wa mutum kimanin 1,400 hari da ita ta WhatsApp a 2019. Irin waɗannan suna mamaye wayar ne gaba ɗaya, su karanta saƙo a kan fuskarta bayan an buɗe shi, su kunna makirufo da kyamara, kuma babu manhajar hira da za ta iya tsare wayar da aka riga aka mamaye. Duk wanda ya gaya wa ɗan jarida ko mai fafutuka cewa da zarar ya sauke Signal ya tsira, ya cuce shi.

Duk da haka akwai nau'in leƙe da take toshewa, kuma shi ne wanda ya fi yawa a wajenmu. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar kira da na masu layi har shekara biyu, kuma a 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kira wajen janyo 'yan jarida su kama su. A watan Disamba na shekarar cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto ta saka Najeriya a cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da na'urorin kamfanin Circles, waɗanda suke bin raunin hanyoyin sadarwar waya su saurari kira su karanta saƙon tes su kuma gano inda mutum yake. Kiran da aka yi ta Signal ba ya shiga rajistar kiran kamfanin layi, kuma wanda ya tare shi a hanya ba zai ji abin da ake faɗa ba, ko da yake kamfanin ya san wayar tana kan intanet kuma ya san yankin da take. Idan kuma aka katse sadarwa baki ɗaya, kamar yadda aka yi a jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, to Signal ma ta tsaya, domin ba ta aiki sai da intanet.

A nan ne tambayar ɗa'a take tasowa, kuma ba na son in wuce ta da sauri, domin wanda aka sace masa ɗa aka nemi kuɗin fansa ba zai ji daɗin a ce masa akwai hanyar maganar da jami'an tsaro ba za su iya saurara ba. Gaskiya ne kwaɗon da yake kare likita da majinyacinsa shi ne yake kare mai laifi da abokin laifinsa, kuma Signal, saboda ba ta ganin abin da ake faɗa, ba ta iya tace shi. Wannan ce hujjar da gwamnatoci suke riƙewa. Birtaniya ta zartar da dokar tsaron intanet a 2023, wadda ta ba hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, Ofcom, ikon tilasta wa kamfanoni binciken saƙonni domin gano hotunan cin zarafin yara, kuma Whittaker ta ce Signal za ta fice daga ƙasar da ta raunana tsarinta. Daga baya gwamnatin ta ce ba za a yi amfani da ikon ba sai fasahar yin haka ta samu. Tarayyar Turai ta gabatar da irin wannan ƙuduri a watan Mayu na 2022, aka yi ta ja-in-ja a kansa, har Jamus ta ƙi goyon bayan binciken dole a watan Oktoba na 2025. A watan Fabrairu na 2025 kuma kamfanin Apple ya janye tsarinsa mafi ƙarfi na kulle ajiyar bayanai daga Birtaniya bayan rahotannin cewa gwamnati ta umarce shi ya ba ta hanyar shiga. Wasu ƙasashen ba su tsaya muhawara ba, Iran da Sin sun toshe Signal a 2021, Rasha ta toshe ta a watan Agusta na 2024.

Na yi ta juya wannan magana, kuma abin da ya tsayar da ni a gefen Signal shi ne abin da ya faru a Amurka a 2024. Tun 1994 akwai dokar da ta tilasta wa kamfanonin wayar ƙasar su gina hanyar da jami'an tsaro za su saurari kira idan kotu ta ba da izini. A ƙarshen 2024 aka gano wata ƙungiyar kutse da ake kira Salt Typhoon, wadda Amurka ta danganta da gwamnatin Sin duk da Sin ta musanta, ta shiga aƙalla kamfanoni tara, har da AT&T da Verizon, kuma rahotanni sun nuna ta kai ga waɗannan hanyoyin sauraro da aka gina domin hukuma. Sakamakon haka a watan Disamba na 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta shawarci manyan jami'ai su koma amfani da manhajoji masu kulle saƙo, ta ambaci Signal da suna. Idan ƙasar da ta fi kowa kuɗi da ƙwararru ta kasa tsare hanyar shigar da ta gina wa kanta, ban ga yadda za a gina irinta a cikin wayar kowa a ce mutanen kirki kaɗai ne za su bi ta ciki ba. Mai laifi mai dabara zai koma wata manhajar da doka ba ta kai gare ta ba, a bar talaka da wayar da aka raunana. Mu kuma da aka rene mu a kan haramcin bin diddigin asirin mutane da wajabcin riƙon amanar zance, bai kamata neman sirri ya zama abin zargi a wurinmu ba. Binciken laifi yana da wasu hanyoyi, kamar bin sawun kuɗi da kama wayar wanda ake tuhuma bisa umarnin kotu, kuma waɗannan suna kan mutum ɗaya da ake zargi, ba sa buƙatar a buɗe maganar al'umma gaba ɗaya.

Gidauniyar ba ta rasa nata kurakuran ba. A watan Afrilu na 2021 ta shigar da hanyar tura kuɗin kirifto na MobileCoin, abin da masana da dama suka soka, kuma ni ma ina ganin bai dace da manhajar da jarinta shi ne amincewar jama'a ba, balle da aka lura an yi kusan shekara guda ba a sabunta rubutun na'urorinta a bainar jama'a ba kafin wannan sanarwa. Sannan duk saƙonni suna bi ne ta na'urorin da take haya a wurin Amazon da Google da Microsoft, shi ya sa da na'urorin Amazon suka samu matsala a ranar 20 ga Oktoba, 2025, Signal ma ta tsaya na wani lokaci. Waɗannan kamfanoni ba sa iya karanta saƙon, amma dogaro da su rauni ne da ya kamata a faɗa. Ajiyar tsofaffin hirarraki ma ta daɗe tana wahalar da mutane, domin wanda wayarsa ta ɓace ko ta lalace yakan rasa komai. A watan Satumba na 2025 aka fara tsarin ajiya a kulle, mai ɗaukar saƙonnin rubutu, da kuma hotunan kwana 45 na baya, kyauta, da wani na dala 1.99 a wata mai ɗaukar gigabait 100, amma yana tafe da mabuɗi mai harafi 64 wanda idan ya ɓata Signal ba ta da kwafinsa.

Inda ta fi burge ni shi ne hangen barazanar da ba ta iso ba tukuna. Masana suna fargabar cewa wata rana kwamfutar kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ginawa, za ta iya fasa lissafin da ake kulle saƙo da shi a yau, kuma hukumomin leƙen asiri suna iya tara saƙonni a kulle yanzu su jira ranar. Signal ta ƙara kariya daga wannan a watan Satumba na 2023, ta sake ƙarfafa ta a watan Oktoba na 2025, ba tare da mai amfani ya taɓa komai ba. Barazanar da ta fi kusa kuwa ita ce ƙirƙirarriyar basira da ake cusawa cikin na'urori. Da Microsoft ta fito da Recall, wanda yake ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a kai a kai domin mutum ya iya neman abin da ya gani a baya, Signal ta sa manhajarta ta Windows 11 ta hana ɗaukar hotonta tun daga watan Mayu na 2025. Whittaker ta sha yin gargaɗi cewa mataimakan basira da ake son ba su izinin karanta saƙonni da kalanda da katin banki domin su yi wa mutum hidima suna rusa katangar da kulle saƙo ya gina, kuma ina ganin gaskiyarta. Ga kuma kwaikwayon murya, wanda ya sa jin muryar ɗan'uwa a saƙo bai isa shaida ba idan ana neman kuɗi da gaggawa. Signal tana da lambar aminci mai alƙaluma 60 da mutum biyu za su gwada idan sun haɗu ido da ido, kuma tana sanarwa idan lambar ta canza. Wanda ya ga wannan sanarwa sannan aka biyo ta da roƙon kuɗi, ya dakata ya nemi mutumin ta wata hanya.

Duk wannan aiki yana cin kuɗi. A watan Nuwamba na 2023 gidauniyar ta bayyana cewa zuwa 2025 za ta buƙaci kimanin dala miliyan 50 a shekara, kuma kusan miliyan 6 daga ciki suna tafiya ne wajen aika lambobin tabbatar da rajista kawai. Da gudummawa take rayuwa, saboda haka makomarta tana rataye a kan ko masu amfani za su ci gaba da bayarwa, kuma wannan abin damuwa ne na gaske ga wanda zai ɗora aikinsa a kanta.

Waɗanda nake ba shawarar su sauke ta ba tare da jinkiri ba su ne 'yan jarida da majiyoyinsu, lauyoyi, likitoci da ma'aikatan jinya da suke tura sakamakon gwaji, masu taimakon matan da aka ci zarafinsu, da 'yan kasuwar da suke tura bayanan asusu da na kaya. A ranar farko mutum ya saita PIN ya kunna kulle rajista, ya zaɓi suna ya ɓoye lambarsa, ya sa wa'adin gogewar saƙo, ya hana abin da ke cikin saƙo fitowa a sanarwar fuskar waya, kuma idan yana magana da wanda bai sani ba ya kunna zaɓin da ke bi da kira ta na'urorin Signal domin a ɓoye adireshinsa na intanet. Ya kuma kunna kullen manhajar kanta, wanda yake neman yatsa ko lambar buɗe waya, domin a garuruwanmu waya takan wuni a shagon mai caji, takan kwana a wurin mai gyara, yara da abokai sukan ari ta, kuma kafin a sayar da ita a kasuwa wajibi ne a mayar da asusun sabuwar waya sannan a goge tsohuwar gaba ɗaya.